Ciwon Kai Suna Ya Tara: Abin da Ƙwayar Tazarar Haihuwa ta Koya Mini

Duk wanda ya zauna ajin fassara ya san gargaɗin da malamai kan yi mana tun ranar farko, cewa mai fassara ɗan aike ne, kuma ɗan aike ba ya rage saƙo don ya yi masa nauyi a baki. Na sha jin wannan magana, har na rubuta ta a jarrabawa na ci maki, amma ban san nauyinta ba sai a shekarar 2022, lokacin da wata kalma guda da na fassara da ganganci ta kusa raba ni da yayata. Na daɗe ina shawara da zuciyata kafin in rubuta wannan labari, domin kuwa magana ce da ba mu saba yin ta a bainar jama'a ba. To amma Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ita mai labarin da bakinta ta ba ni izini, da sharaɗin kada in ambaci sunanta.

A watan Fabrairun wannan shekarar ne ƙungiyar malaman jami'o'i ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai watan Oktoba. Da zaman gida ya ishe ni, sai Inna ta ce in tafi Abuja in taya Yaya hidimar yara. Gidansu yana Dutsen Alhaji, kusa da Kubwa, ɗaki biyu ne da falo a cikin gidan haya. A lokacin shekarunta 37, 'ya'yanta shida, na ƙarshen yana da wata 8 a duniya. Biyu na ƙarshen nan kwanika ta yi, wato tana goyon ɗaya ta sami cikin ɗayan, kuma a cikin na ƙarshe jininta ya hau har sai da aka ba ta gado kafin haihuwa. Duk wanda ya san ta da ƙuruciya ya gan ta a wannan lokaci sai ya tausaya mata. Ita da maigidanta sun riga sun yi shawara cewa za ta huta, sai dai asibiti akwai layi, ga yara, ga kunyar a gan ta a ɗakin da ake ba da wannan magani. Wata maƙwabciyarta ta ce mata ai ba sai an wahala ba, ita ma a kemis take saye, shekara uku ke nan ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba. Sai aka rubuta sunan maganin a takarda aka ba yaro, ya je ya dawo da shi a baƙar leda. Ba wanda ya tambayi shekarunta, ba wanda ya auna jininta, hasali ma mai kemis ɗin bai ga fuskarta ba.

Da daddare bayan yara sun yi barci ta kira ni uwar ɗaka ta miƙo mini katin ƙwayoyin da wata takarda da aka ninke ta kamar laya. Ta ce, "Auta, ke ce 'yar boko, karanta mini abin da suka ce." Takardar Turanci ce zalla, da ƙananan baƙaƙe gaba da baya. Na fara da yadda ake sha, wannan bai ba ni wuya ba: ƙwaya 28 ce a katin, 21 na farko su ne masu maganin, sauran 7 masu launin ƙasa na ƙarin jini ne, a lokacin shansu ne jinin al'ada kan zo. Ana shan guda ɗaya kullum, a bi kibiyar da aka zana. Da na iso wurin da aka jero waɗanda bai kamata su sha ba, sai na ci karo da kalmomin da ban taɓa tunanin yadda ake faɗinsu da Hausa ba. Ɗaya daga ciki ita ce wadda Turawa ke kira maigiren. Na ɗan yi jim, sannan na ce, "Sun ce mai ciwon kai ta yi hattara." Yaya ta yi dariya ta ce, "Wace mace ce mai 'ya'ya shida ba ta ciwon kai?" Ni ma na yi dariya. Batun hawan jini kuwa na karanta mata shi, ta ce ai wannan na ciki ne, ya tafi tun da ta sauka. Sauran kalmomin da suka shafi jijiya da gudan jini na tsallake su, rabi don ban san Hausarsu ba, rabi don kunya da gaggawar in gama. Muka ninke takarda, ta sa a ƙarƙashin katifa.

Abin da ban tsaya na tambaya ba shi ne wane irin ciwon kai take yi. Ashe tun tana budurwa takan yi wani na ɓari guda, wanda kafin ya sauko sai ta ga wani haske yana walƙiya a gefen idonta kamar an karya madubi a rana, ya ɗauki kamar minti 20, sannan kan ya fara sara. A gida ana ce masa ciwon kan Yaya, ana ɗaure mata kai da ɗankwali a rufe taga. Wannan shi ne ainihin ciwon da takardar take nufi, ni kuma na zuba shi cikin kwando ɗaya da ciwon kan yunwa da na rana da na hayaniyar yara.

Watanni uku ta yi tana sha. A makonnin farko ta yi tashin zuciya da ɗan ɗigon jini, maƙwabciya ta ce zai wuce, ya kuma wuce. Ciwon kan ne ya riƙa ƙaruwa, daga sau ɗaya a wata ya koma kusan kowane mako. Wata ranar Talata da hantsi tana tankaɗen gari sai na ji rariya ta faɗi. Na fito na tarar ta dafe bango, tana cewa ba ta gani sosai, hannunta na dama ya yi sanyi kamar ba nata ba, maganarta ma tana fita da nauyi. Maigidan yana kasuwa. Na bar yara wurin maƙwabta, na tsayar da mai keke muka nufi asibiti. Da aka auna jininta sai aka ga 170 bisa 110. Wata nas dattijuwa ta tambaye ta ko tana shan wani magani, Yaya ta girgiza kai. Ta sake tambaya, ta sake girgiza kai. Ni ce na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, zan faɗa." Na faɗi sunan ƙwayar. Nas ɗin ta dube mu ta ce, "Hajiya, da hawan jini da irin wannan ciwon kan, wa ya ba ki wannan?" Ba wanda ya amsa. Kwana biyu muka yi a asibiti, hannun ya dawo daidai, likita ya ce ta tsallake rijiya da baya, kuma daga ranar ta yi sallama da wannan nau'in ƙwayar.

Kwana biyun nan na yi su ne ina yi wa nas ɗin tambayoyi duk lokacin da ta sami sarari, bayan mun koma gida kuma na nemi abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a kan batun na karanta. Abin da na fara fahimta shi ne ƙwayar da ake sha kullum iri biyu ce. Akwai mai haɗin sinadari biyu, istirojin da furojestin, waɗanda kwaikwayo ne na sinadaran da jikin mace ke samarwa da kansa. Aikinta shi ne ta hana sakin ƙwai, ta kuma kaurara ruwan da ke bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai wuce ba. Akwai kuma mai furojestin kaɗai, wadda aka fi ba masu shayarwa. Istirojin ɗin nan shi ne yake ƙara wa jini saurin daskarewa, yana kuma iya ɗaga hawan jini. Ga mace mai lafiya haɗarin ƙanƙane ne: hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta cewa a cikin mata 10,000 da ba su shan ƙwaya, kimanin 2 ne kan sami gudan jini a jijiya a shekara, a cikin masu sha kuwa tsakanin 5 zuwa 12, gwargwadon nau'in da ake sha. Ciki da jego ma sun fi ƙwayar jawo wannan matsala. Sai dai idan mace tana da wata lalura tun asali, lissafin yakan canza gaba ɗaya.

Waɗanda aka hana wa mai haɗin nan su ne mai hawan jini, musamman idan ya kai 160 bisa 100, da mai ciwon kai na ɓari guda da ke zuwa da walƙiyar ido ko mutuwar hannu ko nauyin baki, da wadda ta kai shekara 35 tana shan taba, da wadda ta taɓa samun gudan jini a ƙafa ko huhu, da wadda ta taɓa shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya, da mai sankarar mama, da mai ciwon hanta mai tsanani, da mai ciwon sukarin da ya daɗe har ya taɓa ido ko ƙoda. Mai jego ba ta fara ta kafin kwana 21, mai shayarwa kuma an fi so ta jira jariri ya cika wata 6. Haka nan akwai magungunan da ke raunana ta har mace ta ɗauki ciki tana sha, kamar rifamfisin na tarin fuka da wasu daga cikin magungunan farfaɗiya. Yaya ta faɗa cikin biyu na farkon wannan jeri, kuma da an auna ta an yi mata tambaya ta minti biyar, da an gano.

Sauran illolin da mata suka fi kuka da su, irin su tashin zuciya, da ɗigon jini tsakanin al'ada, da nauyin mama, da ɗan ciwon kai, da sauyin yanayin rai, yawanci sukan lafa cikin wata uku na farko. Shan ƙwayar da abinci ko dab da kwanciya yana rage tashin zuciya. Amma akwai alamomin da ba a yi musu haƙuri: ciwo ko kumburi a sha-raɓar ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji ko ɗaukewar numfashi, ciwon kai mai tsanani wanda ba a saba da shi ba, dishi-dishin gani, mutuwar hannu ko ƙafa, karkacewar baki, ciwon ciki mai tsanani, ko ido ya koma rawaya. Duk wadda ta ga ɗaya daga cikinsu ta dakatar da sha, a kai ta asibiti a take, ta kuma faɗi gaskiyar abin da take sha.

Game da yadda ake sha, idan mata 100 suka sha ta kullum ba fashi, ƙasa da 1 ce za ta ɗauki ciki a shekara. Amma a yadda mutane ke sha a zahiri, da mantuwa da tafiye-tafiye da ƙarewar kati, kimanin 7 ne cikin 100. Wadda ta fara a cikin kwana 5 na farkon al'ada ta sami kariya nan take, wadda ta fara bayan haka sai ta yi kwana 7 tana haɗawa da kororon roba ko ta ƙaurace. In an manta guda ɗaya ko biyu, a sha da zarar an tuna a ci gaba. In an yi fashin kwana uku ko fiye a jere, a ci gaba da sha tare da wata kariya ta kwana 7, a kuma koma wurin ma'aikaciyar lafiya. Wadda ta yi amai cikin awa 2 da sha ta sake shan wata. Mai furojestin kaɗai ta fi tsanani a kan lokaci, domin jinkirin fiye da awa 3 yana iya rage ƙarfinta. Akwai kuma ƙwayar gaggawa irin su Postinor-2, wadda aka yi don ranar tsautsayi, a sha da wuri cikin awa 72. Wasu sun mayar da ita ta yau da kullum, alhali kuwa ba ta kai sauran hanyoyin kariya ba, ga rikita lokacin al'ada. Babu kuma ko ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan da ke kare mutum daga ƙanjamau ko sauran cututtukan sanyi.

Na kuma sami amsar maganar da na fi ji a bakin mata, cewa ƙwaya tana taruwa a mahaifa ta ƙone ta. Ƙwaya tana narkewa ne a ciki kamar kowane magani, jiki ya fitar da ita, shi ya sa ma ake sha kullum. Da an daina, haihuwa takan dawo ba jinkiri. Bincike ya nuna tana rage haɗarin sankarar ƙwan mace da ta cikin mahaifa, ko da yake akwai ɗan ƙarin haɗarin sankarar mama a lokacin da ake sha, wanda ke raguwa bayan an daina. Ban ga laifin iyayenmu ba da suke ɗari-ɗari da maganin da ya zo daga waje. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wannan tsoro yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai na lura tsoron ya koma wurin da bai dace ba: ana tsoron ƙonewar mahaifa da ba ta faruwa, an bar hawan jini da ke kayar da mutum.

Ita kanta takardar da na yi wa riƙon sakainar kashi tana da tarihi. A shekarar 1960 aka fara amincewa da ƙwayar a Amurka da sunan Enovid, kuma istirojin ɗin da ke cikinta maikirogiram 150 ne, alhali na yanzu tsakanin 20 ne zuwa 35. Mata suka riƙa samun gudan jini ba tare da an gargaɗe su ba. A shekarar 1970 majalisar dattawan ƙasar ta yi zaman sauraron bahasi a kan lamarin, wasu mata suka miƙe a zauren suna tambayar dalilin da ya sa ba a kira ko mace ɗaya mai shan ƙwayar ta yi bayani ba. Daga nan ne aka tilasta sa takardar gargaɗi a cikin kowane kwali. Ke nan da ƙyar aka samo wa mata wannan takarda, ta yi tafiyar shekara 52 ta iso Dutsen Alhaji, sannan ta maƙale a bakina.

A nan ne nake ganin maganar ta shafe mu, mu ɗaliban harshe. Dubi sunayen da aka yi ta laƙaba wa abin. An ce hana haihuwa, jama'a suka ce wa ya isa ya hana abin da Allah Ya ƙaddara. An ce ƙayyade iyali, musamman bayan manufar yawan jama'a ta 1988 da ta ambaci 'ya'ya huɗu ga kowace mace, mutane suka ji kamar gwamnati ce za ta yi musu ƙidayar zuriya. Sai da aka dawo ga tazarar haihuwa, ko hutu kamar yadda mata ke faɗa a tsakaninsu, sannan kunnuwa suka fara buɗewa, domin abu ne da Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni. Al'adar da ta sa wa kwanika da rurrutsa suna, take kuma tura mai jego gidan iyayenta, ta san amfanin hutu. Shayarwar shekara biyu tana cikin Alƙur'ani, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a watan Disamban 1988 ta halatta jinkirta ɗaukar ciki na ɗan lokaci bisa yardar miji da mata, matuƙar babu cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma shawararta ita ce a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin. Ko kalmar ƙwaya ma tana da nata nauyin, tunda ita ake faɗa a 'yan ƙwaya, wata matar ba za ta so a ji tana shan ƙwaya ba ko ta mece ce. Idan suna kaɗai ya isa ya kori mutum ko ya jawo shi, ina ga bayanin da rai ya rataya a kansa?

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 12 cikin 100 na matan aure a Nijeriya ne ke amfani da hanyar zamani ta tazarar haihuwa, na 2023 zuwa 2024 ya nuna kashi 15. Binciken 2018 ɗin ya kuma ƙiyasta mutuwar mata 512 a duk haihuwa 100,000. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ayyana kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta, a 2017 kuma aka fito da alamar koren ɗigo don a gane wuraren da ake ba da su. Duk da haka mata da yawa kemis suke aikawa, kuma takardar da ke cikin ledar ba da harshensu take magana ba. Wa zai zauna da likitoci ya samo wa maigiren sunan da zai bambanta shi da sauran ciwon kai? Wa zai rubuta alamomin haɗari da Hausar da Inna za ta gane ba sai an yi mata ƙarin bayani ba? Muna rubuta kundin digiri a kan karin magana da waƙoƙin gaɗa, kuma suna da muhimmanci, amma ina roƙon wasunmu su ɗauki takardun magani su ma a matsayin abin nazari.

Yaya dai yanzu tana shan maganin hawan jini kullum, kuma bayan an yi mata bayanin hanyoyin da suka dace da ita, ita da maigidanta suka zaɓi robar mahaifa wadda ba ta da sinadarin da zai taɓa jininta. Autanta ya shiga makaranta, ita kuma ta mayar da jikinta har ta buɗe ɗan shagon ɗinki a ƙofar gida. Maƙwabciyar nan ita ma ta je an auna ta, aka ce nata jinin lafiya lau, ta ci gaba da shan abinta, wanda ya nuna cewa abin da ya karɓi wani shi ne yake kayar da wani. Ni kuwa takardar tana nan cikin littafina na fassara, na zauna na mayar da ita Hausa layi bayan layi, inda na kakare na tambayi masana.

Shawarata ga 'yan'uwana mata, da maza masu mata da ƙanne da yayye, ita ce kada a fara shan wannan ƙwaya sai an je asibiti an auna jini, an kuma faɗa wa ma'aikaciyar lafiya duk wani ciwo da ake da shi da duk maganin da ake sha. Wanda kuma aka miƙa wa takarda aka ce karanta mini, ya karanta duka, in ya ci karo da abin da bai sani ba ya ce bai sani ba, a tafi a tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya, amin.